Na Tafi Maraɗi Koyon Raba Mutane da Taba, da Kwalina a Cikin Kaya

Tun da na dawo daga Maraɗi ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. In na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon tela, wannan ya ce in ba shi labarin Nijar, wancan ya ce shin da gaske ne burodinsu har korar kare ake yi da shi, wani kuma ya ce shi ba ruwansa da burodi, so yake ya ji abin da ya sa na tafi da fara'ata na dawo ina tauna asuwaki kamar akuya ina hararar mutane. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi ina tsallake wuraren da ba su yi mini daɗi ba. To ga shi nan gaba ɗaya, har da inda aka kunyata ni. Wanda ya karanta ya yi dariyarsa a gida, kada ya kawo mini ita majalisa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isiyaku, ina aiki a ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu, nan Kusfa cikin birnin Zariya. Ni ba likita ba ne, amma mutanen unguwa da na ƙauye Likita suke ce mini, ni kuma ban taɓa ɓata lokacina wajen yi musu gyara ba. Abin da aka fi sanina da shi shi ne yaƙi da masu shan taba. Ina da wata babbar takarda mai hoton huhu biyu, ɗaya ja mai kyau, ɗaya baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Duk wanda ya shigo da tari na ji warin sigari a jikinsa, sai in miƙe in ɗora biro a kan baƙin in ce, "Ka ga wannan? Naka ne. Ka je ka tanadi likkafani tun kana da ƙafa." Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na daina, Likita." Ni kuma in ce a raina na ceci rai.

Abin da ba a sani ba, bayan ɗakin ajiyar magani akwai wani lungu tsakanin katanga da dalbejiya. Can nake zagawa sau huɗu, sau biyar a yini in zuƙi tawa. Ni ɗan gidan malamai ne, a gidanmu kuwa da a ce an kama ka da taba gara a ce an kama ka da kazar maƙwabta. Saboda haka na ƙware: goro a aljihun dama, kanumfari a na hagu, turare a aljihun gaba. Mai dokar barci dai ya daɗe da ɓugewa da gyangyaɗi, ba wanda ya gan shi ne kawai.

Sai ga takarda ta zo, ana neman mutum biyu daga wajenmu su je kwas na kwana biyar a Maraɗi. Za a haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci na nan da na can, tunda harshenmu ɗaya, a koya musu yadda ake yi wa mai shan taba magana har ya bari. Ko shawara ba a tsaya yi ba, aka ce Isiyaku. Ta biyun kuma Hajiya Asabe ce, babbar nas ɗinmu, sa'ar ƙanwar mahaifiyata, wadda in ta kira sunanka sau ɗaya sai ka tuna laifin da ka yi bara. Da na ji da ita za a yi tafiyar, na zauna na yi tunani mai zurfi irin na marasa gaskiya. Na ɗauko takardar huhun nan, na sa kwalin sigari da ashana a tsakiyarta, na naɗe, na ɗaure da zare. Na san Hajiya ta gaji da ganin hoton, ba abin da zai sa ta warware shi.

Da sassafe muka shiga motar Katsina, irin mai layin kujeru uku. Ni da Hajiya muna layin tsakiya, ni daidai bayan direba. Muna wuce Giwa direban ya laluba aljihu, ya ƙyasta ashana, hayaƙi ya taso ya biyo iska ya zo mini har hanci. Jama'a, ban taɓa son wani ɗan Adam kamar yadda na so direban nan a lokacin ba. Na ɗan matsa gaba kamar mai duba hanya, na buɗe hanci.

Hajiya ta ce, "Direba, mu ka ɗauko ko kifi za ka banda?"

Ya ce, "Hajiya, ita ce ke hana ni barci. In na kashe ta sai mu kwana a rami."

Ta juyo ta ce, "Malam Isiyaku, wannan aikinka ne. Gaya masa."

Haka na gyara murya, ina shaƙar hayaƙin mutum ina yi masa wa'azi a kansa. Na ce masa huhunsa ya zama gawayi, na ce masa 'ya'yansa za su zama marayu. Na ja zancen sosai, don na lura muddin ina magana ba ya yar da ita, sai dai ya ƙara zuƙa don haushi. Da ta ƙare ya jefar da guntun, ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, ka san ta ƙwarai." Hajiya ta ce, "Ai shi ne gwaninmu." Na ce alhamdu lillahi.

A Funtuwa aka tsaya cin abinci. Na ɗauki naɗin takardata na ce zan zaga. Hajiya ta ce, "Da hoto za ka shiga ban ɗaki? Kawo in riƙe maka." Na miƙa mata. Na je na tsaya a bayan masallacin tasha na kalli bango, na dawo. Daga nan har Katsina takardar tana kan cinyarta, har fifita take yi da ita, ni kuwa duk kaɗawa ɗaya sai in ji ashanar nan ta yi ƙara, in hau tari don in rufe.

Mun canza mota a Katsina zuwa Jibiya. Ɓangarenmu na iyaka ba a sha wuya ba, aka duba takardu aka buga hatimi. Da muka tsallaka muka isa Ɗan Isa, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo siriri, mai hula kamar an kifa ƙwarya, yana zaune bayan tebur a inuwar rumfa. Ya karɓi takardata ya duba ya ce, "Mushe Isiyaku?"

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Mushe Isiyaku. Ba kai ba ne?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, da raina da lafiyata, ban ga abin da na yi maka ba." Sai wani fasinja ya raɗa mini cewa a nan mushe girmamawa ce, daga Faransanci take, kamar a ce maka malam. Na ce to, Allah ya kyauta, ƙasar da ake girmama mutum da mushe ko me ake zaginsa da shi?

Jami'in ya karanta wasiƙar gayyatarmu, ya gyaɗa kai, ya ce aiki mai kyau ne, shi ma da ƙanensa zai samu mai raba shi da taba da ya gode. Ya duba jakar Hajiya, ya duba tawa. Sannan ya nuna naɗin nan ya ce, "Wanga fa, mi ne ne?"

Na ce, "Hoto ne kawai."

Ya ce, "Mu gani."

Ya tsinke zaren, ya kama gefe ɗaya ya ɗaga sama. Takarda ta warware, huhu biyu suka bayyana, kwalina da ashanata suka faɗo kan tebur, tim. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Na ji bakina yana cewa, "Kayan koyarwa ne."

Ya ɗauki kwalin ya buɗe, ya leƙa ciki, ya dube ni, ya sake leƙawa. Ya ce, "Lalle mushe, kana ƙoƙari. Har ka koyar da rabi." Ya kira abokan aikinsa biyu, ya nuna musu wasiƙa, ya nuna musu hoto, ya nuna musu kwali, a jere, kamar mai karantar da yara. Ɗayansu sai da ya dafa tebur don dariya.

Hajiya Asabe ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki kwalin da yatsa biyu, kamar ta ɗauki mataccen ɓera, ta jefa a jakarta ta ja zif. Ta ce, "Tunda kayan koyarwa ne, ai na ofis ne. Ni zan ajiye." Daga nan har Maraɗi ba ta ƙara ce mini komai ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

An sauke mu a ɗakunan kwana na wata makaranta da ke hutu, maza gefe guda mata gefe guda. Gado na ƙarfe, katifa kamar fatar salla, amma wurin tsaf. Da safe aka kawo burodin da kuke tambaya. Gaskiya ne, dogo ne kamar kulki, kuma ba a sa shi a leda, a hammata ake maƙalo shi. Rana ta farko ya kankare mini dasashi. Rana ta biyu na koyi jiƙa shi a kofi da madara. Rana ta uku na fara neman ƙari, kuma wannan kada ya fita daga majalisa. Da rana shinkafa ce da miya mai nama a fili, ba irin namanmu na kwas da sai ka sa tabarau ba. Fura kuwa, ku yi haƙuri, sun fi mu, gero ya karɓe su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Da azahar ta gabato sai gari ya mutu. Ofis a rufe, kanti a rufe, kowa ya tafi ya kwanta da izinin hukuma, sai wajen la'asar a dawo. Na ce mu a wajenmu ma ana barcin rana a ofis, amma a ɓoye ake yi, da fayil a buɗe a gabanka. Sai shayinsu, wanda ake dafawa a 'yar buta a kan gawayi, a ba ka a kofi kamar murfin kwalba, har sau uku, kuma in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya.

Ranar da aka buɗe kwas aka ce kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Na miƙe na gyara babbar riga na ce, "Ni ne likitan Kusfa." Sai ɗaki ya ɗauki dariya. Ashe su likita ginin asibitin ne, mai duba marasa lafiya kuwa lokotoro suke ce masa. Wato na tashi a gaban jama'a na ce ni gini ne. Wani daga baya ya ce, "Ɗaki nawa gare ka?" Da suka ji daga Zariya muke, wani ya ƙara da cewa, "Ku da ake noma taba a ƙauyukanku, a naɗe ta a garinku, ku aiko muna, yanzu kuma kun biyo ta ku hana mu sha?" Hajiya ta ce, "Wasunmu ma rakiya suka yi mata." Ba wanda ya gane sai ni.

Malaminmu wani dattijo ne gajere mai furfura, Majo Abdu. Majo a wajensu shi ne shugaban ƙaramin asibiti. Ya ga naɗin takardata ya ce in zo in nuna yadda nake yi, shi zai zama marar lafiya. Ya zauna a kujera ya yi tari biyu. Ni kuwa na ga wurin fanshe mutuncina. Na warware hoto, na ɗora biro, na kawo likkafani, na kawo marayu, har da kabari na haƙa masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na bari, lokotoro." Ya tashi ya buɗe ƙofa ya fita.

Muka zauna. Aka fara duban juna. Har wani ya leƙa taga. Sai can ga shi ya dawo yana share baki, wai ruwa ya je sha. Ya ce, "Mushe Isiyaku, haka mutanenka ke yi maka. Bambancin, ni na dawo." Ya tambaye ni cikin waɗanda suka ce mini sun daina, nawa na sake gani. Na yi ta lalube a kaina. Na tuna wani manomi daga wajen Tukur-Tukur da yake tsallaka titi in ya hango ni. Da ina ɗauka kwarjini ne.

Kwana biyu Majo yana koya mana abin da, in ka ji shi, sai ka ce ai wannan kowa ya sani, amma ba mai yi. Ya ce duk wanda ya zo, ko da ciwon ƙafa ne, ka tambaye shi ko yana sha, da irin muryar da kake tambayar ko yana barci da kyau. In ya ce yana sha, ka nemi izininsa kafin ka yi maganar, don mutum ba ya jin nasihar da aka yi masa kutse da ita. Sannan ka tambaye shi me take yi masa na daɗi. Nan Hajiya ta ɗaga hannu ta ce, "Majo, daɗi kuma? Mu taya shi yabonta?" Ya ce, "Hajiya, in ba ki san abin da take ba shi ba, mi za ki ba shi a madadinta?" Ya ce bayan nan ka tambaye shi me ke damunsa game da ita, ka rufe bakinka, ka bar shi ya faɗi dalilinsa da kansa, domin dalilin da ka ba mutum a asibiti yake barinsa, wanda ya fito daga bakinsa shi yake bin sa gida. Ka gaya masa gaskiyar cutarwarta a taƙaice, ba ihu. In ya ce bai shirya ba, ka rabu da shi lafiya don ya iya dawowa. In ya shirya, shi zai zaɓi ranar bari. Ku duba tare lokutan da ta fi kiransa, bayan cin abinci ne, ko wajen shayi, ko in ransa ya ɓaci, ku shirya abin da zai yi a lokacin: ya sha ruwa, ya tashi daga wurin, ya sa asuwaki a baki, don jarabar takan taso ne ta kwanta in an daure mata kaɗan. Ya gaya wa wani a gida. Kuma ka sa masa ranar dawowa cikin mako. In ya dawo ya ce ya koma, kada ka ce ya ci amana, ka tambaye shi me ya faru ranar, ku sake ɗaura niyya. Ya ce shi kansa sai a karo na huɗu ya rabu da ita.

Ina jin duk wannan ina rubutawa da kyau, da tsakar rana kuma, in gari ya kwanta, in sulale wajen wani mai tebur a bayan makaranta in karɓi kara ɗaya. Kada ku ga laifina, Hajiya kwali ta ƙwace, ba hali ba.

Rana ta huɗu aka rarraba mu ƙananan asibitocin gari mu gwada da mutanen gaske. Ni aka kai ni wani a bakin gari, Majo ya zauna a kusurwa yana kallo. Aka shigo da wani mutum mai kimanin shekara hamsin, baƙi, busasshe, da bulala a hannu. Sunansa Nomau, amalanken jaki yake ja, yana dakon buhuna daga kasuwa. Tari ya kawo shi, da haki in ya ɗaga kaya. Na duba shi, na rubuta magani. Sannan na tattaro murya mai taushi wadda ni kaina ban san ina da ita ba na ce, "Malam Nomau, ka yarda mu ɗan yi maganar taba?"

Ya ce, "Mu yi. Kai wace iri kake sha?"

Na ce, "Ni?"

Ya nuna hannuna da bulalarsa. "Ga yatsunka nan. Kuma kanumfari ba ya rufe ta, lokotoro, ni ma na gwada zamanin da nake neman aure."

Na dubi Majo. Majo yana duban rufi kamar an rubuta wani abu a can. Ƙarya ta zo mini har maƙogwaro, sai na ga ba inda za ta. Na ce, "Ina sha. Yau ma na sha."

Wallahi sai mutumin nan ya saki jiki, ya ajiye bulala a ƙasa, ya gyara zama. Na tambaye shi me take yi masa. Ya ce ita ce abokiyar hirarsa a hanya, jaki ba ya magana, kuma in yunwa ta taso kafin ya samu lodi, ita ke danne ta. Na tambaye shi me ke damunsa da ita. Na cije bakina kamar yadda aka koya mana, har na ji zafi. Can ya ce da yana ɗaga buhu shi kaɗai, yanzu sai an kama masa, masu kaya sun fara kiran wasu. Ya ce akwai jikarsa da ake bar masa, in ya ɗauke ta sai ta kau da kai ta ce kaka na wari. Ya faɗi wannan yana dariya, amma idonsa bai yi ba.

Sai ya ce, "To kai fa? Mi ke damunka da ita?"

Wannan ba ya cikin abin da muka rubuta. Na sake duban Majo, har yanzu rufi yake karantawa. Ban san lokacin da na fara ba. Na ce mahaifina idonsa ya yi rauni, ni nake karanta masa littafi da safe a zaure. Da nakan ja dogon layi da numfashi ɗaya, yanzu sai na tsaya a tsakiya, a inda ba a tsayawa, in yi kamar ina gyara shafi. Na ce ina tsoron ranar da zai tambaye ni. Shekaru ina tsoratar da mutane da hoton huhu, ban taɓa faɗin wannan ko ga kaina ba.

Nomau ya ce, "To ai ka ji. Yaushe za mu bari?"

Na ce shi ne marar lafiya, shi zai zaɓa. Ya ce ba ranar kasuwa ba, don ranar ransa ke ɓaci. Ya zaɓi Juma'a, wato washegari, ya ce kuma tare. Muka tsara masa: in ya ɗaura jaki ya sa asuwaki a baki maimakon kara, ya riƙa tafiya da ɗan ƙuli-ƙuli saboda yunwa, ya gaya wa matarsa, ya dawo wajen Majo bayan mako. Ya ba ni hannu ya ce, "In na karya, jakina na gani. In ka karya, kai ka san mai ganinka." Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Ni Majo zai duba ni. Kai wa zai duba ka?"

Da ya fita Majo ya sauko da idonsa daga rufi ya ce, "Cikinku ban san wanda zan ba takardar shaida ba."

Ranar Juma'a aka rufe kwas, ban je wajen mai tebur ba. Ranar Asabar muka kamo hanya, kaina kamar ana daka a ciki, kowa ya yi magana in ji kamar in mare shi. Mun wuce Katsina Hajiya tana ta motsi a kujera, tana buɗe baki tana rufewa. Na gane faɗan kwana shida ne ke cinta, ga kuma karatun Majo ya tare mata hanya. Daga ƙarshe ta ce, haƙoranta a cije, "Malam Isiyaku. Ka ba ni izini in yi maka magana a kan taba?"

Na ce, "In na ce a'a fa, Hajiya?"

Ta ce, "Sai in yi ba da izini ba."

Na ce na bayar. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani. Tambaya biyu ta yi bisa ƙa'ida kafin ta ce, "Amma dai kai ɗan nan ba ka da kunya," sannan ta yi istigfari ta koma kan ƙa'ida. Na gaya mata yau kwanana biyu. Ta buɗe jaka ta fito da kwalin ta ɗora mini a cinya, ta ce Majo ya ce mai ita ne zai yar da ita da hannunsa. Na riƙe shi tun daga nan har Malumfashi, ba zan ɓoye muku ba, har sansana shi na yi. Da aka tsaya salla na murƙushe shi na zuba a kwata. Ta ce a wurin aiki ba mai ji daga bakinta, amma saura abu ɗaya, a gida wa zan gaya wa. Na ce matata. Ta ce, "Matarka tsoronka take ji. Nemi wanda kai kake tsoro."

Kwana uku ina kewaya zancen. Ran na huɗu da safe, bayan na gama yi wa Baba karatu, mutane sun watse, ya rage daga ni sai shi a zaure, na rufe littafi ban tashi ba. Ya ce, "Akwai magana ne?"

Na ce, "Baba, akwai abin da nake yi wanda ba ka sani ba. Ina shan taba. Amma na bari."

Bai ɗago ba, yana jan carbinsa. Ya ce, "Shekara nawa?"

Na ce, "Goma sha ɗaya."

Ya ce, "Sha uku."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce idonsa ne ya tafi, hancinsa yana nan. Ya ce sau da yawa ya yi niyyar yi mini magana, sai ya ga in ya yi, zan rantse masa da ƙarya, ya zama ya ƙara mini zunubi a kan zunubi, sai ya bar ni da addu'a. Sannan ya ce, "Yau kwana nawa?"

Na ce, "Shida."

Ya ce, "To. Gobe in ka zo gaisuwa, kafin ka ce ina kwana, ka ce mini bakwai."

Haka muke yi har yau. Nomau ban ji labarinsa ba, na dai ba wani direban Maraɗi saƙon gaisuwa, ban sani ba ko ta isa. A asibiti takardar huhu tana cikin kabad, mutum uku sun dawo mini da ƙafarsu bayan mako, ɗaya ya riƙe, biyu sun koma mun sake sa rana. Ni kuma na kai kwana ashirin da uku, sai aka yi wani suna a unguwar Kongo, na haɗu da tsofaffin abokai, aka ci aka sha shayi, wani ya miƙo kara, hannuna ya karɓa kafin a yi shawara da ni. Washegari na shiga zaure na durƙusa. Baba yana jira. Na ce, "Ɗaya."

Ya ja carbi ƙwaya biyu, ya ce, "Ɗaya ma ai da ita ake farawa. Ina kwana, Isiyaku. Buɗe inda muka tsaya."